Wayar Alhaji da Tuwon Baba

Duk ranar da ɗana ya zo gaishe ni, kafin ya gama cewa "ina wuni, Hajiya," aljihunsa ya fara kuka. Sai ya zaro wayar, ya ɗaga mini hannu wai in yi haƙuri, daga ofis ne. Ofis bayan magariba! Ofis ranar Lahadi! Kwanaki ma a gidan gaisuwa na ga wani ya miƙe ana tsakiyar addu'a, ya nufi bayan rumfa yana "ranka ya daɗe, yanzu zan turo." Yaran yanzu suna tsammanin a kansu aka fara wannan ciwo. Ina! Ni na ga kakar wayar nan tasu da idona, baƙa ce wuluk, mai nauyi, a falona ta zauna, kuma ni da ita mun gwada ƙwanji.

A shekarun da kuɗin fetur suka shigo ƙasar nan ne. Muna zaune a Fagge, a gidan mahaifin maigidana. Ni ina koyarwa a firamare, shi ya sa kowa Malama yake ce mini, har shi maigidan. Shi kuma akawu ne a wurin wani babban ɗan kasuwa mai sarin kayan masarufi a kasuwar Singa, wanda ba a kiransa da komai sai Alhaji. Kano a lokacin ta haukace da saye. Shinkafa 'yar waje, madarar gwangwani, sukari, man gyaɗa a garwa, duk abin da aka sauke da safe kafin la'asar ya ƙare. Mai tafiya a ƙasa ya sayi keke, mai keke ya hau babur. Manyan motocin kaya suna tasowa daga Ikko, wato Legas, amma babu wanda ya san ranar isowarsu balle sa'a, domin jirage sun cushe a bakin teku, kaya sai ranar da Allah ya fito da su.

Cikin wannan hada-hada Alhaji ya ɗaga maigidana ya mai da shi manajan sito, ya danƙa masa makullai, ya kuma yi masa alkawarin motar kamfani. Bai daɗe ba sai ga ma'aikatan gidan waya da tsani, suka jawo waya tun daga bakin titi har cikin falona. A layinmu kaf babu gida mai tarho. Mata suka riƙa shigowa kallo, wata ta ɗaga ta kara a kunne ta ajiye da sauri kamar ta taɓa garwashi. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi, har ƙyalle mai ado na saƙa na shimfiɗa mata a kan teburi.

Maƙwabciyata Iya ce kaɗai ba ta yi guɗa ba. Bayarabiya ce haihuwar Fagge, tana sayar da atamfa a Kasuwar Sabon Gari, kuma bakinta ba ya ajiye magana. Ta bi igiyar da ido daga teburi har bango, ta ce, "Malama, ina taya ki murna. Amma ni duk inda na ga igiya, na san akwai abin da za a ɗaure."

Na ce, "Iya, ke dai ba kya ganin alheri ki bar shi ya huce."

Ta ce, "To, Allah ya sa ni ce maƙaryaciya."

Kafin zuwan wayar nan, in an ce mutum ya tashi daga aiki, to ya tashi. Maigidana yakan rufe sito bayan la'asar, ya taho gida. Motar da ta iso bayan haka sai ta kwana, direba ya shimfiɗa tabarma a gindinta har gari ya waye, kuma duniya ba ta tashi ba. In Alhaji na da buƙata ta gaggawa sai ya aiko mutum. Kafin ɗan aike ya taso daga Singa, ya yi sallama, a amsa, a gaisa, a ba shi ruwa, shi kansa Alhajin ya auna ko maganar ta isa a tayar da magidanci daga gidansa. Ita waya ba ta san wannan ba. Ba ta sallama, ba ta jin kunyar kowa, kuma mai bugawa ba ya ganin abin da ya katse.

Abin da take katsewa a gidanmu shi ne tuwon Baba.

Baba, surukina, tsohon magatakardan kotun alƙali ne. A zamaninsa, in ji mutanen unguwa, har zuwa ake yi kallon rubutunsa. Da tsufa ya kama shi sai idonsa ya yi yana, hannuwansa kuma suka kama rawa, rawar da ba ya iya kai loma baki ba tare da miya ta zuba a gemu da gaban riga ba. Mutum ne mai tsananin kame kai, ya gwammace ya kwana da yunwa da wani ya gan shi a haka. Da rana yakan lallaɓa ya kurɓi ɗan kunu shi kaɗai, rabi a ciki rabi a ƙasa. Abincinsa na gaske guda ne, tuwon dare, kuma mutum ɗaya tak ya yarda ya zauna da shi, wato maigidana, domin shi ne autansa, babu kunya a tsakaninsu.

Kullum in an idar da sallar magariba sai in zuba tuwon dawa da miyar kuɓewa busasshiya, in ɗiga man shanu, maigidana ya ɗauka ya kai soron ciki inda Baba yake zama, ya saki asabari. Daga nan har kiran lisha babu mai ratsa soron, ko yara sun sani. Shi zai yanko loma, ya dangwalo miya, ya sa wa Baba a hannu, ya riƙe masa wuyan hannun har ta kai baki. Wai don kada a ce ana ba shi a baki. Suna yi suna hira ƙasa-ƙasa, wani lokaci in jiyo dariyar tsohon daga madafa.

Ni kuwa ba ni da hurumi a wurin. Suruka ce ni. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa haɗa ido da Baba ba. Da safe in durƙusa a bakin ƙofa in gaishe shi, ya ce "Allah ya yi albarka," shi ke nan maganarmu. In zauna a gabansa yana cin abinci, har in riƙe masa hannu? Ko ni na iya cire kunyar, shi ba zai iya ba. Sauran 'ya'yansa kuma aiki ya watsa su garuruwa.

To, Alhaji shi ma in ya idar da magariba ne yake samun natsuwar tuna abubuwa. Sai ya jawo tasa wayar. Mota ta iso, a zo a buɗe sito. Direba ya ce buhu ya ɓace, a zo a duba. Wani dila daga Sabon Gari zai tafi da asuba, a zo a ba shi kaya. Wani lokaci ma ba komai, tambaya ce da za ta iya jiran safiya, amma in aka fara sai an yi lisha ana yi. Wayar na ƙara, maigidana zai fito daga soro da gudu yana suɗe hannu, ya ɗauka yana rusunawa sai ka ce Alhajin na gabansa. Kafin ka ce kwabo ya sa hula ya hau babur. In ya dawo Baba ya riga ya kwanta.

Kwanon kuwa ni nake ɗaukowa, don haka ni na san abin da ke ciki. Loma biyu, loma uku, sauran ya sandare. In maigidana ya tambaye shi da safe sai ya ce, "Na ƙoshi, je ka aikinka. Na gaba ya yi gaba." Bai taɓa yin ƙorafi ba, ko sau ɗaya. Amma ido ba mudu ba ne, ya san kima. Ina ganinsa ta gefen ido in zai fita alwala, rigar da da take cika shi ta koma tana lilo a kafaɗa, wuyansa ya zama siriri. Tausayinsa ya riƙa cin raina, haushi kuma ya fi tausayin yawa.

Na yi wa maigidana magana. Na ce, "Malam, tsohon nan fa yana ƙarewa a gabanmu."

Ya ce, "Na gani, Malama, kina tsammanin ban gani ba? Amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mutumin nan ya ɗaga ni, ya sa mini waya, in ce masa kada ya buga? Kwana biyu ne, in kaya suka yi sauƙi komai zai daidaita."

Na ce, "Kayan Singa ne za su yi sauƙi? Sai dai Baba ya yi sauƙi, a ɗauke shi da hannu ɗaya."

Bai ji daɗin maganar ba, ni ma ban faɗa don ya ji daɗi ba. Mun gwada a kai tuwon da wuri, Baba ya ce shi bai taɓa cin tuwo rana na sama ba, ba kuma zai fara da tsufansa ba. Mun gwada bayan lisha, lokacin barci ya riga ya rinjaye shi. Na san maigidana yana tsaka mai wuya, ba mugun ɗa ba ne. Amma shi yana ganin Alhaji kullum ido da ido, ni kuma kwanon nake gani.

Ranar da abin ya faru da damina ne. Hadari ya haɗo daga gabas tun la'asar, garin ya yi duhu, iska tana kaɗa ƙofofi. An yi magariba, maigidana ya shiga soro da tuwo, ya saki asabari. Ko minti biyar ba a yi ba wayar ta ɗauki ƙara. Ina tsaye kusa da ita. Ban taɓa ɗauka ba in yana gida, amma ranar hannuna ya riga tunanina, na ɗauke ta tun ƙarar farko ba ta gama fita tsakar gida ba.

Na yi sallama. Muryar Alhaji ta ce, "Ba ni manaja."

Na ce, "Alhaji, barka da yamma. Maiɗakinsa ce. Yana tare da mahaifinsa, suna cin abinci."

"To, kira shi maza. Motar sukari ce ta iso, tamfol ɗinta a yage yake, ga hadari. Makulli na hannunsa."

Na ji dalilinsa, kuma dalili ne. Amma jiya ma da dalili, shekaranjiya ma da dalili. Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ba zan kira shi ba. In an yi kiran lisha zai fito, zan gaya masa."

Da alama ya daɗe bai ji an ce masa a'a ba. Ya ce, "Me kika ce?"

Na maimaita masa, kalma bayan kalma, yadda nake yi wa 'yan aji ɗaya. Sai na ji ƙit, ya ajiye. Zuciyata ko gezau. Na koma madafa na ci gaba da wanke tukunya.

Singa da Fagge ba nisa. Ban gama wanke-wanke ba na ji mota ta tsaya a ƙofar gida, aka danna ham, sannan aka rangaɗa sallama a soron waje da murya mai zafi. Na lallaɓo na tsaya a bayan asabari ta cikin gida, inda nake iya hango su ta tsakanin karare. Maigidana ya gane muryar, ya zabura zai miƙe. Sai na ga hannun Baba, wannan mai rawar, ya damƙe masa wuyan hannu.

Baba ya ce, "Wane ne?"

"Alhaji ne, Baba. Bari in je in ji."

"Zauna. Ce masa ya shigo."

Maigidana ya ce, "Baba, abinci fa muke ci."

"Na san abin da muke yi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ce masa ya shigo."

Mutumin da ya hana jikokinsa ratsa soro, yau shi ne yake kiran baƙo a kan tuwonsa.

Alhaji ya shigo da babbar riga da saurinsa, bakinsa cike da magana. Fitilar ƙwai na ci a gefe. Ya ga manajansa a durƙushe da loma a hannu, ya ga tsoho da miya a gemu da gaban riga. Maganar ta maƙale. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya kwashi gaisuwa.

Baba ya amsa a natse, ya tambaye shi iyali da kasuwa, sannan ya ce, "Bismillah, Alhaji. A ba shi ruwa ya wanke hannu."

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san ba a ƙin tayin dattijo, kuma in ka sa hannu a kwanonsa ba ka miƙewa sai ya cire nasa. Alhaji ɗan gari ne, ya sani. Ya naɗe hannun riga, ya wanke hannu, ya zauna. A daidai lokacin ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya.

Baba ya ce wa ɗansa, "Sake mini hannu." Ya kai hannun cikin kwano da kansa. Ya yanko loma da ƙyar, ya ɗago tana kaɗawa, miya na ɗiga a tabarma, rabin tuwon ya faɗi a cinyarsa kafin sauran ya kai baki. Ya sake yi. Ya kuma sakewa. Ruwa na ta ƙara a kan rufi. Alhaji ya sunkuyar da kai yana juya loma ɗaya a hannu. Ni kuwa a bayan asabari hawaye ne ke zuba, ina toshe baki da gefen mayafi.

Can Baba ya ce, "Alhaji, ka ga abin da na ɓoye wa duniya. Ban nuna maka don ka ji tausayina ba, na nuna maka ne don ka san abin da ƙarfen nan naka yake tararwa in ya yi kuka. Yaron nan ban hana shi aikinka ba. Daga asuba har faɗuwar rana naka ne, Allah ya sa masa albarka a ciki. Amma tsakanin magariba da lisha, hannuna ne."

Ya miƙa wa ɗansa wuyan hannu, suka ci gaba yadda suka saba. Bai yi sauri ba ko kaɗan. Alhaji na zaune har aka suɗe kwano, aka yi hamdala, aka wanke hannu. Ya ce, "Allah ya ƙara lafiya, Baba," sannan suka fita da maigidana cikin ruwa.

Sukari dai ya sha ruwa. Buhunan sama sun narke, an ce har ƙasan motar yana ɗiga. Maigidana ya dawo jiƙe sharkaf, ya tsaya a ƙofar falo, ya ce, "Ke wa ya aike ki?"

Na ce, "Kwanon Baba ne ya aike ni."

"Kin san abin da kika jawo mini? Kin san abin da kika sa tsohon nan ya yi a gaban baƙo?"

Na ce, "Na sani, ina tsaye. Kuma in ta sake ƙara gobe war haka, ni zan sake ɗauka."

Daga ranar ya ɗauke mini wuta. Ya ci abincina, ya ajiye kuɗin cefane a kan teburi, amma ko "sannu" babu. Ni ma na kame bakina, don ban ga abin da zan ba da haƙuri a kansa ba.

Alhaji bai kore shi ba, kuma ban taɓa jin ya zage shi ba, wannan shaida zan ba shi har gaban Allah. Kiransa ya yi ya ce ya ga uzurinsa, uzuri ne na gaskiya, amma sito a wannan zamani yana son mutumin da za a samu kowane lokaci. Ya karɓi makullai ya ba wani saurayi da ke zaune a Rijiyar Lemo, maigidana ya koma teburinsa na akawu. Motar da aka yi mana alkawari, a ƙofar gidan saurayin ta kwana. Ma'aikatan gidan waya suka dawo da tsaninsu, suka naɗe igiyarsu, suka bar mini teburi da ƙyalle. Matan layi da suka zo kallo da farko suka sake zuwa, wannan karon jaje, wasu da dariya a ƙarƙashin mayafi. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Ina son motar nan, na riga na gama zaɓen inda za ta fara kai ni. Kuma ganin maigidana yana fita da safe kafaɗa a sanyaye ya fi komai ƙona mini rai.

Iya ta leƙo ta katanga ta ce, "Malama, an ce kin kori arziki da bakinki."

Na ce, "Iya, arzikin da zai hana tsoho cin tuwo, Allah ya raka taki gona."

Yammacin ranar da aka cire wayar na tuƙa tuwo kamar kullum. Maigidana ya dawo tun rana ba ta faɗi ba, ya yi magariba a masallacin layi, ya zo ya ɗauki kwano bai dube ni ba, ya shiga soro ya saki asabari. Na zauna a bakin murhu, kunnena yana wajen falo saboda sabo, ina jiran ƙarar da ba za ta zo ba. Gidan ya yi tsit. Can na fara jiyo muryoyinsu ƙasa-ƙasa, sannan dariyar Baba, wadda rabona da ita har na manta.

Ba a kira lisha ba na ji taku a bayana. Maigidana ne tsaye da kwano a hannu, an suɗe shi tas. Idonsa ya yi ja. Ya daɗe yana kallon kwanon kafin ya ɗago ya dube ni, karo na farko tun daren ruwan nan.

Ya ce, "Malama, Baba ya ce in akwai saura a ƙaro."